Resberatirol da matsalar PCOS: kafin ki sayi kwalba, kafin ka saro kwali

 

A 'yan watannin nan tambaya ɗaya ce take ta dawo mini ta fuska biyu. Mata suna cewa an gaya musu akwai wata ƙwaya da aka tatso daga inabi, wai tana daidaita al'ada, tana kawar da gashin haɓa, tana kuma sa a samu ciki, shin gaskiya ne? Maza kuma, musamman masu zuwa sari Dubai da ƙasar Sin, tasu tambayar ita ce ko kayan suna tafiya, ko su zuba kuɗi a ciki. A jikin kwalbar za ku ga an rubuta Resveratrol, mu dai a nan za mu riƙa cewa resberatirol.

Amsar a taƙaice ita ce akwai ƙamshin gaskiya a maganar. An gwada shi a kan mata masu PCOS, ya kuma motsa wasu lambobi a gwajin jini. Amma ba a nuna cewa yana sa a haihu ba, kuma akwai dalilin da zai sa mai neman ciki ta yi nesa da shi. To, bari mu bi abin daki-daki, don kada a ce na hana mutane maganinsu babu hujja.

Mu fara da ita matsalar. Idan a Gana ko Najeriya aka duba ki, a takardar asibiti za ki ga haruffa huɗu, PCOS. Idan a Benin ne, ko Togo, ko Nijar, ko Kwaddibuwa, ko ɓangaren Faransanci na Kamaru, SOPK za ki gani. Abu ɗaya ne, harshe ne kawai ya bambanta, kuma na ga matan da suka ɗauka ciwo biyu gare su don an rubuta musu wannan a Kwatano, an rubuta wancan a Legas. Wasu likitoci biyu a Shikago ta Amurka, Irving Stein da Michael Leventhal, su suka fito da ita fili a 1935, bayan sun yi nazarin mata bakwai. Yau Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tsakanin kashi 6 zuwa 13 cikin 100 na matan da ke shekarun haihuwa suna da ita, kuma har kashi 70 cikin 100 na masu ita ba a taɓa gano musu ba. Wato a taron suna na mata ɗari, kusan goma suna tare da ita, yawancinsu ba su ma san sunanta ba.

Kowace mace tana da gidan ƙwai biyu, ɗaya a dama da mahaifa, ɗaya a hagu. Kowane wata wasu 'yan ƙananan jakunkuna suna tasowa a ciki, kowace da ƙwanta, sai ɗaya ta fi sauran girma, ta fashe, ta saki ƙwai. In bai haɗu da maniyyi ba, bayan kamar mako biyu al'ada ta zo. A jikin mai PCOS jakunkunan suna tasowa da yawa, amma sai su tsaya a hanya, babu wadda ta nuna. Su ne ake gani a hoton sikanin sun jeru a gefe kamar carbi. Ba ƙari ba ne, ba ƙurji ba ne, ba kuma abin da za a yanka a cire ba ne. Ƙwai ne da bai nuna ba. Tunda ƙwai bai fita ba, al'ada sai ta riƙa wasa, ta yi wata biyu, wata huɗu, wani lokaci fiye, ciki kuma ya yi wuyar samuwa.

Me ya tsayar da su? A jikin mata da yawa tushen abin insulin ne, sinadarin nan da ke tura suga daga jini zuwa cikin tsoka. Jiki ya daina jin maganarsa sosai, sai a riƙa zubo shi da yawa don aikin ya yiwu. Yawan insulin kuwa yana zuga gidan ƙwai ya riƙa samar da testosteron, sinadarin da ya fi yawa a jikin maza, wanda mace ma tana da nata amma ɗan kaɗan. Da ya yi yawa sai ga gashi a haɓa da ƙirji, ga ƙurajen fuska da ba sa jin sabulu, ga gashin kai yana zubewa a tsakiya. Wata kuma wuyanta ya yi baƙi ya yi kauri, ita da hammata. Wannan ba dauɗa ba ce, 'yar uwa, alamar yawan insulin ce, dirza ba ta fitar da ita, man bilicin kuwa ɓata fatar kawai zai yi.

Tun 2003, a wani taron masana da aka yi a Rotadam ta ƙasar Holan, aka tsayar da ƙa'idar cewa sai an samu biyu cikin uku kafin a ce mace tana da PCOS: al'ada mai wasa, alamar yawan sinadarin maza a jiki ko a jini, da kuma wancan carbin a hoto. Kuma sai an tabbatar ba wata matsalar ba ce mai kama da ita, kamar ta tayirod ko yawan sinadarin da ke kawo ruwan nono. Don haka hoton sikanin shi kaɗai ba ya yanke hukunci, balle a kan budurwar da ba ta daɗe da fara al'ada ba. Siririyar mace ma tana iya samun ta, ba sai mai jiki ba.

Shi kuma resberatirol sinadari ne da wasu tsirrai ke samarwa don kare kansu idan funfuna ta kama su ko suka ji rauni. Akwai shi a ɓawon inabi, akwai shi a gyaɗarmu ta gida. Wani masani ɗan Japan, Michio Takaoka, ya fara tace shi daga saiwar wani tsiro a 1939, daga nan ya yi kusan shekara hamsin ba a damu da shi sosai ba. Sai a farkon shekarun 1990, lokacin da ake ta mamakin yadda Faransawa ke cin maiƙo amma ciwon zuciya bai yi musu yawa kamar Amurkawa ba, wasu suka ce ai jar giyar inabin da suke sha ce, aka kuma nuna wannan sinadari da yatsa. Wannan tarihin ne ya sa wasu ke tambayata ko ƙwayar ta halatta. Mafi yawan wanda ke kasuwa ba daga giya ake samo shi ba, ba ma daga inabin ba. Daga saiwar wata ciyawa ce ta gabashin Asiya, akasari daga ƙasar Sin, hoton inabin da ke jikin kwalba ado ne. Abin dubawa shi ne ɓawon kafson, don wasu da jelatin ake yin su, shi kuwa daga fata da ƙashin dabba ake samun sa, har da na alade.

A 2003 wani masani a Jami'ar Harvard, David Sinclair, da abokan aikinsa suka ba da rahoton cewa sinadarin yana tsawaita rayuwar ƙwayoyin yis. A 2006 suka ce ɓerayen da aka ɗura wa abinci mai kitse sun fi lafiya da daɗewa idan an haɗa musu da shi. Duniya ta ɗauka, jaridu suka ce an samo maganin tsufa. A 2008 babban kamfanin magunguna na Ingila, GlaxoSmithKline, ya sayi ƙaramin kamfanin Sirtris, wanda ke wannan aiki, a kan dala miliyan 720. Bayan shekara biyu, a 2010, suka dakatar da aiki a kan nau'in resberatirol ɗin nasu, bayan wasu masu ciwon dajin ɓargo da aka gwada shi a kansu sun samu matsalar ƙoda. A 2013 aka rufe ofishin Sirtris ɗin. Alhazai, ku riƙe wannan. Kamfanin da ke da dubban masana ya zuba dala miliyan 720, bai fito da magani daga resberatirol ba. Cinikin biri a sama ba a kasuwarmu kaɗai ake yin sa ba.

To, ina aka samo maganar PCOS? Asalinta mai kyau ne. A ɗakin gwaji an ga cewa idan aka zuba sinadarin a kan ƙwayoyin halittar gidan ƙwai na ɓera, suna rage samar da sinadarin maza. Sai wasu likitoci a Jami'ar Koyon Likitanci ta Poznan, a ƙasar Folan, tare da Farfesa Antoni Duleba na Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego, suka gwada shi a kan mutane, aka buga sakamakon a 2016. Mata 34 masu PCOS aka ɗauka, 30 suka kai ƙarshe. Aka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, wasu suna shan miligiram 1,500 na resberatirol kullum, wasu suna shan ƙwaya mai kama da ita wadda babu magani a ciki, kuma ba matan ba, ba likitocin ba, babu wanda ya san wa ke shan wacce har aka gama. Bayan wata uku, testosteron a jinin masu shan na gaskiya ya sauka da kashi 23 cikin 100, insulin ɗin da ake aunawa kafin a karya kumallo ya sauka da kusan kashi 32 cikin 100. A ɗaya ɓangaren testosteron bai sauka ba.

Wannan aiki ne mai kyau, an bi ƙa'ida, kuma daga shi ne kusan duk tallan da kuke gani a waya ya samo asali. Amma ku lura da abin da aka auna. Jini aka auna. Nauyin matan bai sauya ba. Ba a ƙirga ciki ba, ba a ƙirga haihuwa ba, don ba shi aka fita nema ba. Wata uku kuma ba ya isa a ga sauyi a gashin fuska, wannan yakan ɗauki wata shida ko fiye ko da maganin da aka tabbatar. Sannan mutum 30 da aka raba biyu, kowane ɓangare da ƙyar ya cika bas ƙirar Hiace guda. Su kansu masu binciken ba su ce sun samo magani ba, alama suka gani wadda ta cancanci a bi sawunta. Matar da surukarta ke ƙirga mata shekaru ba lambar testosteron take nema ba, goyo take nema, kuma tsakanin biyun akwai tafiya.

An bi sawun kuwa. A ƙasar Iran an yi wani gwajin da aka buga a 2021, mata 78, miligiram 1,000 kullum, shi ma wata uku. A can al'ada ta ɗan daidaita ga masu shan sa, zubar gashin kai ta ragu, amma testosteron da insulin ba su bambanta da na masu shan ƙwayar banza ba. Kun gani? Abin da ya motsa a Folan bai motsa a Iran ba. Idan ƙananan gwaje-gwaje suna irin wannan saɓani, likita mai hankali jira yake a yi babba.

Akwai kuma wata matsalar da mai talla ba zai faɗa ba. Wani bincike da aka yi a Amurka a 2004 ya nuna cewa hanji yana tsotse kusan kashi 70 cikin 100 na resberatirol ɗin da aka haɗiya, amma hanjin da hanta suna sarrafa shi nan da nan su mai da shi wani abu dabam, abin da ke yawo a jini yadda yake bai kai kashi ɗaya cikin 100 ba. Shi ya sa ake ɗura shi da yawa a gwaji. Mu yi lissafin 'yan kasuwa. A ce kafson da ke kwalbarki miligiram 250 ne. Don ki kai abin da aka sha a Folan sai kin sha shida kullum, wato 540 a wata uku, kwalba tara ke nan in kowace tana da 60. Ki buga da kuɗin kwalba ɗaya, da sefa ko sidi ko naira, ki ga abin da ya tashi. Wadda kuma ke shan ɗaya kullum kamar yadda aka rubuta a jikin kwalbar, kashi ɗaya cikin shida na abin da aka gwada take sha. In aka ƙara yawansa kuma ga gudawa, ga tashin zuciya, ga murɗar ciki, kuma yana iya karo da wasu magunguna, musamman masu tsinka jini irin warfarin.

Wata ta rubuto tana tambaya, tunda akwai shi a gyaɗa, ko ta dage da cin gyaɗa? Kofi guda na dafaffiyar gyaɗa bai wuce miligiram ɗaya da 'yar ɗoriya ba. Sai kin ci fiye da kofi dubu a yini. Ki ci gyaɗarki don abinci ce mai kyau, ta fi biskit da cincin nesa ba kusa ba, amma ba don wannan ba.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, kuma shi ya sa na ware wa maganar fili guda. A 2019 wasu likitoci a Japan sun duba bayanan matan da aka yi wa dashen ciki, irin wanda ake haɗa ƙwai da maniyyi a waje sannan a mayar cikin mahaifa. Suka ga cewa waɗanda suka ci gaba da shan resberatirol, miligiram 200 kacal a rana, har lokacin dashen, cikin ya fi ƙin zama a jikinsu, ɓari kuma ya fi yawa. Wannan duba bayanan asibiti ne, ba gwajin ƙuri'a ba, don haka ba yankakkiyar hujja ba ce. Sai dai a ɗakin gwaji ma an ga sinadarin yana hana shimfiɗar mahaifa yin shirin da take yi don karɓar ciki, maganar biyu ta zo ɗaya. Kafin nan, a 2014, a jihar Oregon ta Amurka, an ba birai masu ciki resberatirol. Iyayen sun amfana ta wasu fuskoki, amma a jikin 'yan tayin gaɓar da ke samar da insulin ta yi girman da ya wuce ƙa'ida da kusan kashi 40 cikin 100, har masu binciken suka ja kunnen mata masu ciki.

Ku haɗa wannan da halin mai PCOS. Matar da al'adarta ke zuwa kan kari, da ta ga kwana biyar ya gota ta san akwai labari, ta ajiye duk abin da take sha. Ita kuwa wadda ta saba yin wata uku ba ta gani ba, ta ina za ta sani? Tana iya kai ciki wata biyu tana ta haɗiyar kafso safe da yamma, a daidai makonnin da ake ƙera gaɓoɓin jariri. Wadda aka fi yi wa tallan ƙwayar, ita ce wadda ta fi kowa dalilin guje mata. Don haka maganata a nan ba ta da kwana-kwana: mai neman ciki, mai ciki, da mai shayarwa, kada ta sha. Wadda ba ta neman ciki yanzu, ta kuma ce ita lallai sai ta gwada, ta fara nuna wa likitanta kwalbar, kuma kada ta ajiye maganin da aka rubuta mata saboda shi.

Abin takaicin shi ne PCOS tana cikin matsalolin haihuwa da suka fi jin magani, kuma yawancin masu ita suna samun 'ya'yansu, wasu haka nan, wasu da ɗan taimako. Akwai kundin ƙa'idojin kula da ita na duniya, wanda Jami'ar Monash ta Ostareliya ta jagoranci haɗawa a 2018 aka sabunta a 2023. Resberatirol ba ya cikin magungunan da kundin ya ce a yi amfani da su. Abin da ke ciki tsofaffin abubuwa ne marasa ƙyalli. Ga mai ƙiba, rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyi sau da yawa yana dawo da al'ada da fitar ƙwai. Mai kilo 80, kilo 4 zuwa 8 ake magana, ba a ce ta koma kamar sanda ba. Kuma babu wani abinci na musamman da sai an yi odarsa daga waje. Lemon kwalba, shayi mai suga cokali huɗu da madarar gwangwani, burodi da safe, tulin farar shinkafa ko aceke da dare, nan aikin yake. Sai motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, wato rabin awa sau biyar. Na san zaman zango, ɗaki ɗaya ne na haya, mace ba ta san garin ba, ba ta jin yaren, sai ta wuni a zaune. Alhaji, in ba ka son ta fita ita kaɗai, ka raka ta bayan sallar asuba, ko ta haɗu da maƙwabta biyu su riƙa zagayawa. Kai ma tumbin nan ba zai ƙi ba.

Sai metfomin, tsohon maganin suga mai araha da ake amfani da shi tun shekarun 1950, wanda ke taimaka wa jiki ya ji maganar insulin. Ga wadda ba ta neman ciki yanzu, likita kan ba da ƙwayoyin tsarin iyali don daidaita al'ada da rage gashi da ƙuraje, kuma ba sa hana haihuwa bayan an daina. Kada a raina wannan. Idan al'ada tana wuce kwana 90 ba ta zo ba, shimfiɗar mahaifa tana ta kauri ba ta zubewa, in aka bar ta shekaru a haka haɗarin ciwon dajin mahaifa yana ƙaruwa. Mai PCOS kuma tana bukatar gwajin suga lokaci-lokaci, musamman kafin ciki da lokacin ciki, don ciwon suga ya fi saurin kama ta.

Ga mai neman ciki kuwa, maganin farko shi ne letirozol. A wani babban gwaji da aka yi a Amurka aka buga a 2014, mata 750 masu PCOS aka raba biyu. Cikin masu shan letirozol kashi 27.5 cikin 100 sun haifi jariri mai rai, cikin masu shan kilomifin, wanda aka fi sani da Clomid, kashi 19.1. Ku dubi bambancin wannan da na Folan: mata 750 ne, kuma jarirai aka ƙirga. Kwana biyar ake shan sa a farkon wata, bayan an tabbatar babu ciki. Idan kika buɗe takardar da ke cikin kwalin za ki ga an rubuta maganin ciwon dajin nono ne, kada gabanki ya faɗi, asalinsa ke nan, daga baya aka gano yana sa ƙwai ya fita. Amma shi da Clomid duka ba na saye a kemis a sha da ka ba ne. Ana bin su da sikanin don a ga ko ƙwan ya nuna, ko kuma sun nuna da yawa, kuma ba a shan su wata da watanni babu iyaka. Matan da ke aika yaro kasuwa ya sayo musu Clomid shekara guda suna sha, don Allah a daina.

Alhazai, saura ku. Ƙwan mace in ya fita bai wuce yini guda yana raye ba, maniyyi kuma yana iya kwana biyar a jikinta. Wato kwanakin da ciki ke iya shiga kamar shida ne a wata, ga mai lafiya ke nan. Mai PCOS wataƙila sau huɗu ko biyar ƙwanta zai fita a shekara. In kai kuma kana bin motar albasa daga Galmi zuwa Akra, ko kana kan hanyar shanu, ko ka bar iyali a Kano ko Maraɗi kana zuwa da azumi da babbar salla kawai, to, lissafa ka ga sau nawa kwanakinku za su dace. An sha ɗora wa mace laifin shekara biyar babu haihuwa, alhali in aka tara kwanakin da suka yi tare ba su kai shekara ɗaya ba. Duk watan da likita ya ba ta letirozol, wannan watan na zaman gida ne, a wakilta yaro ya bi kaya. In ba haka ba an sha magani a banza, an kuma ci ɗaya daga cikin 'yan zagayen da aka yarda a yi.

Sannan gwajin maniyyi. A kusan rabin ma'auratan da haihuwa ta yi wa wuya, namiji yana da nasa kason a matsalar, ko shi kaɗai ko tare da matar. Gwajin ba ya ciwo, ba ya ɗaukar lokaci, kuma yana cikin mafi araha a duk gwaje-gwajen haihuwa. Samun PCOS a jikinta bai wanke ka ba, haka ma 'ya'yan da ka haifa shekara goma da suka wuce. Ƙa'idar ita ce in an yi shekara guda ana tare babu ciki, a je asibiti, ku biyu. In ta kai shekara 35, wata shida. In kuwa al'adarta tana wasa, babu dalilin jira ko na wata ɗaya. Wata shida da za a ɓata ana gwada kwalba, ga 'yar shekara 24 ba komai ba ne, amma ga 'yar 36 asara ce da kuɗi ba ya mayarwa.

Masu son sari kuma, ga abin da ya kamata ku sani game da kayan. A Amurka, inda yawancin waɗannan kwalabe ke cewa daga can suke, dokar 1994 ta ware irin su a matsayin ƙarin abinci, ba magani ba. Kamfani ba ya bukatar ya tabbatar wa hukuma cewa suna warkar da wani abu kafin ya kai su kasuwa, shi ya sa a ƙasan kwalbar, da ƙananan haruffa, ake rubuta cewa ba a yi su don magance wata cuta ba. Lambar NAFDAC a Najeriya, ko ta hukumar abinci da magunguna ta Gana, izinin sayarwa ce, ba shaidar cewa abin yana kawo haihuwa ba, kuma shigo da shi babu rajista yana iya jawo a kwashe maka kaya a kan iyaka. Sayar da shi a matsayin abin da yake, wannan tsakaninka da hukuma ne. Amma ka ɗauki waya ka yi murya ka ce maganin rashin haihuwa ne, an gwada an tabbatar, wannan ka faɗi abin da masu binciken da kansu ba su faɗa ba, kuma matar da za ta saya wataƙila 'yan kunnenta ta sayar.

'Yar uwa, in za ki asibiti, ki nemi ɓangaren likitan mata, a manyan asibitocin koyarwa irin Korle Bu a Akra da Komfo Anokye a Kumasi akwai su, haka a manyan asibitocin sauran biranen. Ki tafi da ranakun da kika ga al'ada a wata shida da suka wuce, ko a bayan kalanda kika rubuta, da duk tsofaffin takardunki na kowace ƙasa, na Turanci da na Faransanci. Ki zuba duk abin da kike sha a leda ki tafi da shi, na kemis da na gargajiya da na 'yan talla, har da ita kwalbar in kin riga kin saya. In ba ki jin yaren likitan, ki tafi da macen da kika yarda da ita ta yi miki tafinta, ba ɗanki ko yaron shago ba, don akwai tambayoyin da ba za ki amsa a gabansu ba.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba ciwon suga na lokacin ciki, da yadda mai awo a wata ƙasa za ta yi da katinta in ta koma gida haihuwa. A ci gaba da aiko da tambayoyi.